Ɗana ya zo na biyar a aji, amma ya kasa karanta katin ɗaurin aure

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga malaman da ke zauren nan. Ɗana yana aji huɗu na firamare. Zangon da ya wuce shi ya zo na biyar a ajinsu, har babansa ya sayo masa takalmin ƙwallo. Shekaranjiya aka kawo mana katin ɗaurin aure, hannuna duk ƙullu, na ce Sadik karanta min, a ina za a ɗaura, ƙarfe nawa? Yaron nan ya riƙe kati ya yi tsuru-tsuru. Da Hausa aka rubuta fa, ba Turanci ba. Sai ya kama harafin farko ya canki sauran. Na ɗauko littafinsa na makaranta na buɗe masa wani shafi, sai ga karatu yana zuba kamar ruwa, amma idonsa ba ya kan takardar. Ashe hadda ce. Daren nan barci bai ɗauke ni ba. To jarrabawar da suke yi duk ƙarshen zango me take aunawa? Ni kuma ta ina zan fara?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ba ke kaɗai ba ce, ni nawa uku ne kuma duk kanwar ja ce. Maganar gaskiya malamai ne matsalar. Kun manta abin da ya faru a Kaduna a 2017? An yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa, kashi 75 cikin ɗari. Wanda bai iya ba me zai koya wa wani?

Malamar Aji Uku:
Baban Yara, ina cikin malaman da kake magana a kai, shekarata goma sha ɗaya da alli a hannu. Ba zan ce babu ragwaye a cikinmu ba, akwai su. Amma bari in ba Maman Sadik amsar tambayarta, don na san yadda ake haɗa jarrabawar nan, da hannuna nake haɗa ta.

Duk zango ana ba mu jerin darussan da za mu koyar mako-mako. Mako na uku kaza, mako na huɗu kaza. In mai duba makarantu ya zo, abin da zai fara tambaya shi ne littafin shirin darasi da rajista, ya ga ko kana kan makon da ya kamata. Babu ruwan takardar nan da ko yaran sun biyo ka ko sun tsaya a mako na ɗaya. Sai mu cika allo da rubutu, yara su kwafa, mu karanta su maimaita da ƙarfi. Yaron da ke da kaifin kunne zai haddace komai. Ranar jarrabawa tambayoyin daga cikin abin da aka kwafa suke, galibi na zaɓi ɗaya cikin uku, kuma a ƙananan azuzuwa mu muke karanta musu tambayar da baki. To ki duba, Hajiya, a ina karatu ya shigo? Yaro zai iya cin saba'in bai karanta kalma ɗaya da kansa ba. Sadik ba daƙiƙi ba ne. Yaron da ya haddace shafi guda da kunne kaɗai yana da ƙwaƙwalwa. Ba a taɓa zaunar da shi shi kaɗai an ce karanta wannan ba.

Maman Sadik:
Malama, wallahi kin faɗi abin da yake. Ko jiya da na tambaye shi ya ce ba a taɓa kiransa gaban aji ya yi karatu shi ɗaya ba, kullum tare suke yi.

Baban Yara:
To Malama me ya hana ku kiran nasu ɗaya bayan ɗaya?

Malamar Aji Uku:
Ajina yara 94 ne a rajista. Darasi minti talatin da biyar. Ka yi lissafin da kanka.

Tsohon Hedimasta:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni na yi ritaya amma zuciyata tana makaranta. Wannan na ɗaya, na biyu, na biyar ɗin shi ne ya fi ruɗar iyaye. Matsayi yana faɗa maka yadda ɗanka yake in an gwada shi da 'yan ajinsu ne kawai. In duk ajin ba su iya karatu ba, dole dai wani ya zo na ɗaya. Na sha sa hannu a takardar sakamakon yaron da na san ko sunan mahaifinsa ba zai rubuta daidai ba, an rubuta masa ya wuce aji na gaba, domin babu gurbin ajiye shi, ga 'yan baya sun taso. Abin yana damuna har yau. Kuma jarrabawar da kowa ya ɗauka da muhimmanci sai a aji shida take zuwa, ta shiga sakandare. Lokacin kuwa an makara, shekara shida ta tafi. A wannan shekarar za ka ga an koma horar da yara yadda ake cike ɗigo da fensir.

Yaya Mai Bincike:
Ranka ya daɗe Hedimasta, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Bari in ƙara da abin da aka auna, don kada a ɗauka gidan Maman Sadik ne kaɗai. A binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, gida-gida aka bi aka gwada yara 'yan shekara 7 zuwa 14. Ba jarrabawar takarda ba ce, ana ba yaro ɗan gajeren labari ya karanta a fili, sai a yi masa tambayoyi biyar a kai. A lissafi kuma ya karanta lambobi, ya nuna wadda ta fi girma, ya yi tarawa, ya cike gurbin lambar da aka tsallake. Kusan kashi 27 cikin ɗari ne suka tsallake na karatu, kusan kashi 25 na lissafi. Wato yaro ɗaya cikin huɗu, kuma wannan na ƙasa baki ɗaya ne, jihohinmu na arewa maso yamma da arewa maso gabas suna ƙasa da haka.

Kafin nan ma an yi wani gwaji da ake kira EGRA a Bauchi da Sakkwato, da Hausa, tun wajen 2011. Shi wannan da agogo ake yi. Yaro yana zaune da mai gwaji su biyu, a ba shi minti ɗaya a ga sautin harufa nawa zai faɗa, gaɓoɓi nawa, kalmomi nawa. Har kalmomin da ba su da ma'ana ake sakawa da gangan, don a gane ko yaro yana haɗa baƙi da wasali ne ko haddace siffar kalma ya yi. Mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba su karanta ko kalma ɗaya ba a harshen da suke magana da shi a gida. Daga nan ne aka samu shirye-shiryen koyar da karatu irin su Mu Karanta a waɗannan jihohi biyu, da RANA a Katsina da Zamfara.

Baban Yara:
To ai ka ji. An yi gwaji tun 2011, yau shekara nawa? Me ya canza? Ni a ganina a dawo da tsarin da. Yaro ya faɗi, ya maimaita aji. Mu da muka maimaita ba mu mutu ba. Tsoron maimaitawa shi ke sa yaro ya dage.

Malamar Aji Uku:
Ya maimaita me, Baban Yara? In yaro bai san harufa ba, ka ajiye shi a aji uku shekara biyu, littafin aji ukun nan dai za a sake karanta masa, wanda da ma ya fi ƙarfinsa. Abin da ya rasa yana can aji ɗaya, ba wanda zai koma da shi can. Kuma na gani da idona, yarinyar da aka ce ta maimaita, ƙawayenta suka wuce, zango ɗaya ta ƙara aka ɗora mata talla. Ba ta dawo ba.

Alaramma:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne, almajiraina ne suka sa ni a zauren nan, amma ina bin maganarku tun ɗazu kuma abin ya ba ni mamaki. A tsangaya babu yaron da zai wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya, shi kaɗai, malam yana ji. In ya kawo daidai a ce je ka wanke, a ɗora masa gaba. In ya yi gargada ya koma ya zauna da allon nan ko kwana nawa ne. Yara hamsin suna zaune wuri ɗaya, wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izu, kowa da inda yake. Ba a cewa tunda shekararka tara dole ka kai sura kaza. Kuma malam ba shi kaɗai yake biyawa ba, manyan almajirai suna biya wa ƙanana. Ban ce komai namu daidai ne ba, mu ma muna da masu tilawa da ka, in ka nuna musu kalma a tsakiyar shafi su rikice. Amma malamin allo ya san inda kowane ɗalibinsa ya tsaya.

Yaya Mai Bincike:
Allah ya gafarta Malam, abin da ka bayyana shi ne kusan abin da masana suka je har Indiya suka ɗauko. Wata ƙungiya ce mai suna Pratham ta fito da shi, ana kiransa TaRL, ma'anarsa koyarwa daidai da matakin yaro. Tun 2005 suke bin ƙauyuka da takarda ɗaya tak suna gwada yara. An gwada tsarin a Borno, a Kano ma an yi shi da sunan KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Bambancinsa da su EGRA da MICS shi ne, waɗancan samfuri ake ɗiba don gwamnati ta san halin da jiha take ciki, ba a ma mayar wa yaro sakamakonsa. Wannan kuwa malamin aji ne da kansa yake gwada kowane yaro, kuma gobe da safe zai yi aiki da abin da ya gani.

Malamar Aji Uku:
Wannan shi nake yi bana, wata abokiyar aikina da ta samu horon ce ta nuna min. Bari in faɗa muku yadda abin yake a ƙasa, don a baki yana da sauƙi.

Takardar tana da harufa, da gaɓoɓi, da kalmomi, da ɗan sakin layi mai jimla huɗu, da gajeren labari. Na ɗauki kwana shida ina gwada yarana lokacin tara da bayan tashi, kowane yaro minti uku zuwa biyar, a baranda, ba a gaban 'yan uwansa ba. Ba maki, ba ja da biro. Ina rubuta inda ya tsaya kawai. Abin da na gani ya girgiza ni, domin yaran nan kullum ina tare da su, na ɗauka na san su. Akwai yarinyar da ke zama can baya, ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ta karanta labarin nan tas har ta ba ni amsa. Akwai kuma mai bakin aji, wanda muryarsa ta fi ta kowa in ana maimaitawa, harafi bakwai ya gane.

Da na kai wa hedimastanmu, Allah ya saka masa, ya yarda mu haɗu mu uku, ni da malaman aji huɗu da biyar. Awa ɗaya ta farko kowace safiya muna rushe azuzuwan. Masu harafi su tafi wajen malami ɗaya ko daga wane aji suke, masu gaɓa da kalma su zo wajena, masu jimla da labari su tafi wajen na uku. Bayan awar kowa ya koma ajinsa. Duk bayan mako huɗu ko biyar mu sake gwadawa, wanda ya motsa a matsar da shi.

Wahalar da ke ciki ba kaɗan ba ce. Babban yaro ɗan aji biyar ya zauna da 'yan aji uku yana ba, be, bi, bo, bu, kunya takan hana shi zuwa. Sai da muka daina kiran rukunan da na ƙasa da na sama, muka sa musu sunayen itatuwa. Katin harufa kuma da kwalin indomi muke yankawa. In malami ɗaya cikinmu bai zo ba, ranar komai ya tsaya. Amma cikin waɗanda suka fara a harafi, da yawa yanzu suna haɗa gaɓa, kuma ranar da yaro ya fara karanta kalma da kansa za ka gani a fuskarsa.

Maman Hanan:
Malama sannu da ƙoƙari. Amma ni fa ina da ja. Me ya sa sai da Hausa? Jarrabawar aji shida da Turanci ce, WAEC da Turanci, JAMB da Turanci. Mu da muke biyan kuɗin makaranta don yara su ji Turanci muke biya. Kuma ai gwamnatin tarayya da kanta ta janye. A 2022 lokacin da Adamu Adamu ke ministan ilimi aka ce harshen uwa har aji shida, a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, ba wanda ya ce kada yaro ya koyi Turanci. Amma karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, wato gane cewa wannan zanen yana wakiltar wannan sautin. Hausa yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa, wasali biyar ne, in yaro ya haɗa "ka" da "za" ya ji kaza, ya san ta, tana tsakar gidansu, nan take ya san ya yi daidai. A Turanci harafi ɗaya yana da sauti biyu ko uku, kuma ko ya furta daidai bai san me ya faɗa ba, to me zai hana shi komawa hadda? Na ga yara da yawa da suka iya karatun Hausa suka ɗauki Turanci da sauri. Shawarar ministan ba ta gamsar da ni ba, domin a yawancin makarantunmu na karkara da ma ba a taɓa aiwatar da koyarwa da harshen uwa yadda ya kamata ba, babu littattafai, babu horo.

Maman Hanan:
Baba na ji, amma har yanzu ina tsoron kada yara su makara da Turancin. Ɗan wanda ke makarantar kuɗi a Abuja ba zai jira namu ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan matsalar guda ce, sai dai da Faransanci. Yaro ya shiga lakwal, wato makaranta, ajin farko da muke kira CI, mushe, wato malami, na magana da harshen da bai taɓa ji ba a gida. Akwai gwajin PASEC da ƙasashe masu Faransanci ke yi, a farkon firamare da kuma CM2, ajin ƙarshe na firamare, an yi a 2014 an sake a 2019, kuma sakamakonmu na 2014 ya tada hankalin kowa. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida mun daɗe da su, tun shekarun 1970 aka fara a Damagaram, amma ba su game ƙasa ba. Hajiya Maman Hanan, tsoronki iyaye da yawa nan suna da shi. Ni dai ɗiyata da Hausa ta fara karatu a gida wajen uwarta, kuma bai hana ta Faransanci ba.

Mai Shago:
Kun yi ta maganar karatu kun bar lissafi. Yaron da ke taya ni a shago ɗan aji biyar ne. In mutum ya sayi sukari na 350 da madara ta 420 ya ba da dubu ɗaya, kafin in taɓa kalkuleta ya miƙa canjin 230. Ran nan na ga littafinsa, an ba shi 52 a ɗebe 17, ya rubuta 45. Ta yaya?

Malamar Aji Uku:
Alhaji, wannan kuskuren na san shi kamar yunwar cikina. Ya duba 2 da 7, ya ga ba a ɗebe bakwai daga biyu, sai ya juya ya ɗebe biyu daga bakwai ya samu 5. Sannan biyar a ɗebe ɗaya, 4. Shi ne 45. Lissafi yana kansa, abin da bai gane ba shi ne 5 ɗin nan hamsin ce, wato ƙulli biyar na goma-goma. An ce masa "ari ɗaya" ya haddace, bai san me ake ara ba. Jarrabawar zango za ta sa masa kuros kawai a wuce. In ka zauna da shi ka ce nuna min yadda ka yi, a minti biyu za ka gano. Ka samo tsinken tsintsiya, ku ɗaure goma-goma da kyauro, ƙulli biyar da tsinke biyu a gefe. Ka ce ya ba ka 17. Da kansa zai kwance ƙulli ɗaya. Daga nan sai ku rubuta abin da ya yi.

Baban Yara:
Malama na sauko kaɗan, amma ba duka ba. In gwajin nan yana da kyau haka, a mayar da shi doka. Kowace makaranta a liƙa sakamakonta a bakin ƙofa, malamin da yaransa ba su motsa ba a taɓa albashinsa.

Tsohon Hedimasta:
A nan ne za a kashe shi. Ranar da aka ɗaura albashi a jikin takardar nan, ranar kowane yaro zai zama mai karanta labari a rubuce. Za a ba yara takardar gwajin su haddace, a ce wa masu rauni su zauna a gida ranar da baƙi za su zo. Na ga an yi haka a kan abin da bai kai albashi ba. Malama ta samu gaskiya ne domin ba wanda take tsoro, don kanta ta auna. Iyaye su san matakin ɗansu, wannan haƙƙinsu ne, a faɗa musu a taron iyaye da malamai ko ta kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Hukuma kuma ta aiko nata masu gwajin su ɗebi samfuri, ta ga inda ake buƙatar ƙarin malamai da littattafai. Amma malamin da ba ya zuwa aiki, wannan ba sai an gwada yara ba, rajistar zuwa ta isa, kuma a kansa ina tare da kai.

Baban Yara:
To a kan masu fashin nan dai mun haɗu.

Maman Sadik:
Na dawo. Bayan la'asar na yi yadda Malama ta kwatanta, na rubuta a bayan kalanda. Na ce masa wasa za mu yi, ba duka, ba faɗa. Harufa ya san kusan duka, sai ɓ da ɗ da ƙ da yake karantawa kamar b da d da k, kuma yana rikita b da d. Gaɓa irin ba, ta, mu yana yi a hankali. Da na rubuta "tuwo" ya yi ta kallo, ya ce tu, ya ce wo, sai ya yi dariya ya ce tuwo! Amma "makaranta" ta gagare shi, da "girki". Lissafi ya yi tarawa daidai, ɗebewa mai aro ya yi irin na yaron Alhaji sak.

Malamar Aji Uku:
Alhamdulillahi, Hajiya, ai yana bakin ƙofa. Matakin gaɓa yake, yana shiga kalma. Kada ki ba shi littafin aji huɗu yanzu. Kullum minti goma sha biyar, ba fiye ba. Ki yanka kwali ki rubuta gaɓoɓi, ya riƙa haɗa kalmomi masu gaɓa biyu da ya sani: gida, rana, wake, kifi. Ki sa masa bari da ɓari, kafa da ƙafa, daka da ɗaka gefe da gefe, ya ji bambancin a bakinsa kafin ya gani a rubuce. "Girki" ta ba shi wuya ne saboda gaɓar farko ta ƙare da baƙi, gir, haka ma ran a cikin makaranta, ki bar irin waɗannan sai mako na uku. Kuma ki je ki ga malamin ajinsu da takardar nan a hannu, ba da faɗa ba, ki ce ga inda na ga ya tsaya.

Maman Hanan:
Malama don Allah ki ɗauki hoton takardar gwajin ki turo mana nan. Zan gwada Hanan da Hausar, in kuma rubuta irinta da Turanci in ga wanne ta fi.

Malamar Aji Uku:
Tana makaranta cikin durowa, gobe in Allah ya kai mu zan turo, har da ta lissafin. Sai dai kada a nuna wa yaro ita kafin a zauna gwajin, kuma in za a sake bayan wata guda a canza kalmomin.